Yadda nake yanka gangar jikin jita da ƙaramin injin CNC

A wata rumfa a bayan gidanmu da ke Tudun Wada nake wannan aiki, kuma abin da nake fara tambayar duk wanda ya zo neman koyo shi ne faɗin teburin injinsa na CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa. Ɗan injin nan da ake kira 3018, santimita 30 da 18 kawai yake iya kewayawa. Gangar jikin jita mai lantarki kuwa tana kai santimita 46 a tsawo, 33 a faɗi, kaurinta milimita 45. Don haka ka nemi injin da zai ci santimita 60 ko fiye.

Katako kuwa maɗaci nake so, ɗan'uwan wanda masu ƙera jita a Turai da Amurka suke saye da sunan mahoganin Afirka. Sai dai in ka sayo shi a wajen 'yan katako da damina, kada ka taɓa shi. Jingine shi a inuwa, ka sa tsinke tsakanin falanki da falanki, ka bari hunturu ya wuce ta kansa. Gangar da na fara yankawa a watan Agusta, kafin ƙarshen Janairu ta tsage daga ramin wuya zuwa ƙasa, har farce yana shiga. Na ji ciwon abin sosai, don mako uku na yi a kanta.

Kafin ka kunna inji, ja layi a tsakiyar katakon. A kan layin, can wajen da ba zai shiga cikin jitar ba, huda ramuka biyu ka soka turaku su shiga allon da ke ƙasa. Su ne za su mayar da katakon daidai inda yake idan ka juya shi don yankan baya. Ka kuma rubuta lambobin inda ka sa sifili, wato wurin da injin yake fara awo daga gare shi, a takarda. Mu nan wuta kan ɗauke ana tsakiyar yanka, injin ya manta inda yake. Takardar ce za ta cece ka. Ni yanzu a kan inbata nake ɗora kwamfuta da allon sarrafa injin.

Inda ran aikin yake shi ne ramin wuya. Tsarin da Leo Fender, mai ƙera jita ɗan Amurka, ya fito da shi a 1950, na ɗaure wuya da sukuru huɗu, shi ya fi dacewa da mai farawa, domin in wuya ya lalace sai a kwance shi a sa wani. Zurfin ramin milimita 16 ne, faɗinsa kusan 56. Amma kada ka yarda da lambar da ke cikin zane. Fara samun wuyan a hannu, auna gindinsa, ka yanka ramin a guntun katako na gwaji. Idan wuyan ya shiga da ɗan matsi, ka ɗaga shi guntun ya biyo shi sama bai faɗi ba, to ya yi. Idan yana rawa, rage kashi ɗaya cikin goma na milimita daga faɗin ramin ka sake. Nakan yi gwaji uku ko huɗu, ban taɓa jin asara ba. Ramin da ya karkace ko kaɗan, tsirkiya ta gefe ce za ta riƙa zamewa daga kan wuya, kuma babu fentin da zai gyara wannan.

Daga nan sai wurin jaki, kamar dai jakin goge ko na garaya. A jita irin ta Fender, daga inda tsirkiya ta tashi a kan wuya zuwa jaki milimita 648 ne, a jitar bas mai kaurin murya kuwa 864. Firet su ne siraran ƙarafan da ake dasawa a gicciye a kan wuya, kuma na 12 yana tsakiya cif. In kai za ka yanka gurbin firet, raba tsawon da 17.817: na farko zai zo a milimita 36.4, sai ka cire shi ka sake raba abin da ya rage. Gurbin milimita 0.6 ne, bakin yankansa siriri kamar allura, don haka a hankali, kaɗan-kaɗan.

Ramukan ciki nake fara yi, na wuya, na maganaɗisun ɗaukar sauti, da na wayoyi, da baki mai milimita 6, ina saukar da shi milimita 2 a kowane zagaye. Kewayen gangar shi ne na ƙarshe, kuma ina barin 'yan gadoji shida da za su riƙe ta kada ta tsinke ta bugi bakin yanka. Sa takunkumi da tabarau, garin maɗaci yana shaƙe maƙogwaro. Idan injin ya tsaya, yanke gadojin da ƙaramin zarto, ka goge wurin da samfefa, sannan ka ɗaura wuya ka miƙa zare biyu daga kansa zuwa wurin jaki, ka ga ko tazarar gefe da gefe ta zo ɗaya kafin ka huda ramin sukuru ko ɗaya.