Yadda ake rainon marayun namun daji har su iya komawa gida

Idan aka kawo maka jaririn dabba a gandun ceton namun daji, ko ɗan biri ne da aka ƙwato hannun mafarauta ko ɗan barewa da aka tsinta bayan gobarar daji, abin da zuciyarka za ta fara raya maka shi ne ka ɗauko madara ka ɗura masa. Don Allah kar ka yi. Dabbar da jikinta ya yi sanyi hanjinta ba ya aiki, madarar zama za ta yi a ciki ta lalace, sai ka wayi gari ka tarar da gawa kana mamakin me ka yi ba daidai ba. Ɗumi ne farko. Ka sa hannu a hammatarsa ko cikin bakinsa ka ji, in da sanyi ka zuba ruwan ɗumi a gora ka naɗe da tawul ka ajiye a gefensa cikin kwali mai duhu, ka kori 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da waya, domin tsoro kaɗai yana iya kashe ɗan barewa.

Bayan jiki ya yi ɗumi sai ruwa. Ka ɗan ja fatar wuyansa ka saki, in ta tsaya ba ta koma da wuri ba to ya bushe. Ruwan gishiri da sukarin nan da ake ba yara masu gudawa shi ne, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin cokali na gishiri, ana ba shi kaɗan-kaɗan da sirinji ta gefen baki. Wanda ya galabaita har ba ya iya haɗiya kuwa aikin likitan dabbobi ne, kar ka matsa masa.

Sannan madara, kuma a nan ne akasarin marayu ke mutuwa, don kowace dabba da irin nonon uwarta. Ɗan giwa misali cikinsa ba ya ɗaukar kitsen nonon saniya sam, zawo zai yi ta yi har ya tafi. Daphne Sheldrick ta ƙasar Kenya, wadda ta kafa gidauniyar Sheldrick a 1977 don tunawa da mijinta David, shekara 28 ta yi tana gwaji marayu na mutuwa a hannunta kafin ta gano cewa madarar gwangwani ta jariran mutane haɗe da man kwakwa ita ce ke karɓar su. A gandun ceton giwaye na Reteti da ke yankin Samburu a Kenya kuma, lokacin korona da madarar gwangwani ta yi wuyar samu, suka gwada nonon akuya daga hannun matan makiyaya na kewayen, kuma ya karɓi 'yan giwayensu. To ka ga ba abin da za ka yi da ka ba ne, ka tambayi gandun da ya taɓa rainon irin dabbar da ke hannunka. In za ka sauya madara ka fara da mai ruwa-ruwa kana ƙara kauri cikin kwanaki. Fida a wanke ta da tafasasshen ruwa kowane lokaci, ragowar madara a zubar, ba a ajiye ta zuwa anjima.

Yadda kake riƙe shi ma magana ce. Ɗan barewa ko ɗan kyanwar daji ba a kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, a tsaye ko a kan cikinsa yake sha yadda zai sha a jikin uwarsa, ramin kan fidar kuma ya zama ƙarami. Da ka ga madara ta fito ta hanci ka tsaya nan take, ya ƙware kenan, in ta gangara huhu nimoniya ce. Ga wani abu da sababbi ke mantawa, yawancin waɗannan jarirai ba sa iya fitsari da kashi da kansu sai uwa ta lashe su, don haka bayan kowane ci ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka riƙa shafa ƙasan wutsiya a hankali har ya yi. Kowace safiya a ɗora shi a sikeli a rubuta, a rubuta yawan abin da ya sha da kalar kashinsa. Littafin nan shi zai nuna maka ciwo kwana biyu kafin idonka ya gani.

Killacewa ba wasa, musamman birai. Tarin tibi muna ba su suna ba mu, ga ƙyandar biri ga ciwon haukan kare, shi ya sa gandayen birai kan ware sabon zuwa kamar wata uku ana masa gwaje-gwaje kafin ya haɗu da sauran. Safar hannu, takunkumi, takalmin da ba ya fita daga ɗakin. In kana mura ranar ba ka shiga.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne maraicin kansa. Ɗan biri a daji manne yake da cikin uwarsa dare da rana, in an harbe ta ɓamɓare shi ake yi daga gawarta, za ka ga an kawo shi da igiya ta ci ƙugunsa har ta shige nama, yana rungume da kansa yana jijjiga gaba da baya. Irin wannan sai an goya shi a jiki ko a ba shi tawul mai gashi ya ƙanƙame. Ɗan giwa ma haka, a gidan rainon gidauniyar Sheldrick da ke Nairobi masu kula da su a ɗaki ɗaya suke kwana da su, suna tashi duk bayan awa 3 su ba da madara, da sanyin safiya a lulluɓa musu bargo, da rana a riƙe musu laima a shafa musu man kariya a kunne don a daji inuwar uwa ce ke kare su, wasu ma ba sa yarda su sha sai an rataya bargo sun jingina hancinsu a jiki kamar cikin uwa ne. Amma fa ana juya masu kwanan, yau wannan gobe wancan. Dalili kuwa wata 'yar giwa ce mai suna Aisha da Daphne ta raina ita kaɗai a 1974, ta yi tafiya bikin 'yarta, 'yar giwar ta ƙi cin abinci don kewa har ta mutu. Tun daga nan aka daina barin maraya ya shaƙu da mutum ɗaya.

Kuma da zarar ya ɗan yi ƙarfi ka haɗa shi da 'yan'uwansa, su ne za su koya masa abin da kai ba ka iya ba. A Drill Ranch, cibiyar ceton birai ta jihar Kuros Riba, wadda Liza Gadsby da Peter Jenkins suka fara a Kalaba a 1991, marayun birin diril da aka karɓo ɗaya-ɗaya aka haɗa su garke-garke a dajin tsaunin Afi har suka hayayyafa, birin da duk duniya babu shi sai Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Bioko. 'Yan giwan Nairobi kuwa in sun kai wajen shekara uku sai a kai su gandun dajin Tsavo, kullum su fita daji da masu kula da su suna cuɗanya da giwayen daji, wata rana su ƙi dawowa kwana, kuma ba a bin su a dawo da su dole.

Abu biyu da za ka riƙa faɗa wa mutanen ƙauyukan kewaye. Ɗan barewa ko ɗan gada da aka gani kwance shi kaɗai cikin ciyawa yawanci ba maraya ba ne, uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo, in ba rauni a jikinsa a bar shi a dawo washegari a duba daga nesa. Na biyu, kar a sayi ɗan biri a bakin titi wai don a cece shi, kuɗin da ka bayar su ne kuɗin harsashin da za a harbi wata uwar. A sanar da ma'aikatan gandun daji su zo su karɓe shi, kai kuma ka tanadi kwalinka da tawul da gorar ruwan ɗumi kafin motarsu ta iso.