Idan hitar ruwa tana kashe kanta saboda zafi

Da hunturu ya kama a Sakkwato, hitar banɗaki da ta yi watanni a kashe sai ta koma aiki, daga nan ƙorafi ya fara: ga wuta a gida, fitilar hita a mace, ruwa kamar na randa. Galibi ba ƙonewa ta yi ba. A cikinta akwai tamostat mai tsayar da zafi wajen digiri 60 zuwa 65, a bayansa kuma akwai makatsin kariya da ke yanke wuta idan zafi ya kai wajen 90. Shi ne ya yi aikinsa.

Kashe bureka (makunnin da ke kai wa hitar wuta), ka tabbatar da testa cewa babu wuta, sannan ka buɗe famfon ruwan zafi. Idan iska yake furzarwa, tankin sama ya ƙare, an kawo wuta cikin dare, elimen (ƙarfen da ke ɗumama ruwan) ya yi ta zafi ba ruwa. Cika tanki, ka bar famfon a buɗe har ruwa ya zubo ba yankewa. Sai ka cire murfin ƙasan hitar, ka danna ɗan maɓallin makatsin (yawanci ja ne) har ka ji ƙas.

In ya sake yankewa, kada ka yi ta dannawa. Ruwa mai fita da tururi alama ce bakin tamostat ya manne, ba ya sakin wuta. Sai canji, kuma ka tafi kasuwa da tsohon don tsawon sandar ya zo daidai. Hitar da ke ƙugi kamar tukunya na tafasa kuwa, farin ɓawon da ruwan bohol ke bari ne ya lulluɓe elimen. Zubar da ruwan, ka kwance elimen ɗin, ka jiƙa a ruwan kal ya kwana, ka sa sabuwar roba wajen mayarwa. Auna elimen ɗin da mitar gwaji ta masu gyaran wuta: mai wat 1500 zai nuna om 35 ko kusa, mai 2000 kuma 26. Waya mai baƙin baki ma ka yanke ka sake ɗaurewa, zafinta kaɗai kan tayar da makatsin.

Wasu masu gyara kan haɗe wayoyi su tsallake makatsin don aiki ya yi sauri. Kada ka yarda, hitar rufaffen tanki ce, in zafi ya wuce kima tana iya fashewa. Haka bawul ɗin rage matsi da ke bakin bututun ruwan sanyi: ɗigarsa lokacin ɗumama daidai ne, a sa masa tiyo zuwa magudana, ba a toshe shi.