Kurakuran da Matafiyan Kaduna Ke Maimaitawa a Hanyar Agadas

Duk shekara da zarar sanyi ya shigo, sai matasa a Kaduna su fara shirin haɗa kuɗin mai su tafi Agadas da ke Jamhuriyar Nijar ziyarar aboki, galibi wanda suka yi karatu tare a Zariya ko wanda kasuwanci ya haɗa su. Tambayoyin da suke kawo mini kafin su tashi iri ɗaya ne, labarin wahalar da suke dawowa da shi ma iri ɗaya ne, kuma na gaji da yi wa kowa bayani shi kaɗai. Abin da zan faɗa a nan al'adata ce ta tafiya, wasu direbobin da suka fi ni daɗewa a hanyar suna da nasu tsarin.

Kuskuren farko shi ne auna tafiyar da ma'aunin hanyar Kaduna zuwa Kano. Daga Kaduna a bi Zariya da Kano, a ratsa Kazaure da Daura, a tsallaka iyaka a Kongolam, a wuce Matamaye zuwa Damagaram, sannan a miƙe arewa ta Tanut da Adarbisinat har Agadas, tafiyar ta haura kilomita 900, kuma kusan rabinta yana bayan Damagaram. Mutum zai duba taswirar wayarsa ya ga sa'o'i goma sha wani abu, sai ya yanke cewa idan ya yi sammako zai ci tuwon dare a gidan abokinsa. Taswirar ba ta lissafa zaman jira a kan iyaka, ba ta san shingen jandarma ba, ba ta kuma san wuraren da kwalta ta ɓare ko rairayi ya hau kanta ba. Ni dai a Damagaram nake kwana ko da la'asar sakaliya na isa, in tashi bayan sallar asuba, domin ba na yarda magariba ta same ni a arewacin Tanut, inda raƙuma da jakuna ke kwanciya a kan titi kuma fitilar mota ba ta nuna su sai an zo daf da su.

Na biyu, wanda shi ne ya fi ƙona mini rai, batun ruwa ne. Mutumin Kaduna ya saba da cewa duk inda ya tsaya yaro zai rugo masa da fiya wata, saboda haka sai ya jefa leda biyu a but ya ce ya yi guzuri. Wannan ganganci ne, kuma na ɗanɗana kuɗarsa a hannun wani dattijo da muka taɓa tafiya a motarsa. Da safen da za mu bar Damagaram, ya sa yaronsa ya sauke jarkokin ruwa biyu da na cika domin a sami wurin buhunan tsarabarsa. Na ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri a bar ko da guda ɗaya." Ya yi dariya ya ce ai motarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Mun wuce Tanut da nisa, rana ta take, sai tiyon lagireto ya fashe. Ruwan shan da ya rage muka riƙa farkewa muna ɗurawa a lagireto leda bayan leda, shi kuma ya dage a ci gaba da lallaɓawa har injin ya buga gaba ɗaya. Muka wuni a gindin motar babu ruwan sha babu na alwala, sai taimama, har Allah ya kawo wata babbar mota gab da faɗuwar rana. Kwanakin da na ware domin zama da abokina a kwance na yi su ana ƙara mini ruwa, kuɗin da na tanada kuma ya tafi a jan mota da neman wani injin.

Saboda haka idan na ji saurayi yana cewa jarka tana cin wuri, raina ɓaci yake. Wane wuri? Wurin akwatin takalma da na'urar kiɗa? A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace a hanyar Aljeriya. Hanyar Damagaram zuwa Agadas ba ta kai waccan kaɗaici ba, amma ranar da ke kansu guda ce, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 kusan kullum. Ni lissafina lita 8 ga kowane mutum a yini, da ajiyar ƙarin kwana biyu da ba a taɓawa, sannan jarka mai lita 20 daban domin motar kaɗai. A raba ruwan a jarkoki da yawa, don idan ɗaya ta huje kada a rasa duka. Kafin a bar Kaduna kuma a shiga Panteka a sayi tiyon lagireto da fanbel na ajiya, a ɗauki safaya biyu, da famfon iska, da shebur, da igiyar jan mota. Idan allurar zafi ta haura, a kashe mota nan take, kada a saurari mai cewa saura kaɗan a isa gari.

Idan kuwa motar ta mutu, a zauna tare da ita. Ita ce inuwarku, ita ce kuma abin da mai wucewa zai hango daga nesa, alhali mutumin da ya kama tafiya a ƙasa da tsakar rana ƙarar da ruwan jikinsa kawai yake yi. Al'adata ita ce in kira abokina lokacin da zan bar Damagaram in faɗa masa irin motar da lambarta, mu yi alkawarin cewa idan isha ta yi bai gan ni ba ya tayar da mutane, domin akwai wurare masu tsawo da waya ba ta kamawa.

Akwai kuma masu son yanke. Sun ga sawun taya ya ratse gefe, sai su bi wai don su kauce wa ramuka. Sawu a sahara yana rarrabuwa, iska kuma tana shafe shi cikin sa'a guda. Idan dole ta sa an shiga rairayi, a rage iskar taya, a riƙe giya ɗaya ba tare da taka birki da ƙarfi ba, idan kuma motar ta kafe a daina taka totur, don haƙa wa kanta rami take yi har kulocin ya ƙone. Duk wata fita daga Agadas zuwa duwatsun Abzin ko yankin Tenere, a bar wa mai masauki ya tsara ta tare da ɗan jagora, shi ya san inda ake bi da inda sai da rakiyar sojoji.

Takardu ma suna kayar da mutane. Da yawa suna tafiya da labarin da wani ya ba su tun kafin juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, wanda ya jawo rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, alhali Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A tambayi mai masauki halin da ake ciki a makon tafiyar, a riƙe fasfo, da katin rigakafin shawara, da takardun mota na asali masu sunan wanda ke cikinta ko takardar izinin mai ita. Kada a tsallaka da jarkokin fetur daga Najeriya, kwastan za su ɗauke ku 'yan fasa-ƙwauri. A cika tanki da jarkar ajiya a Damagaram, yankin da matatar mai ta SORAZ take tun 2011.

Sauran ƙanana ne. A canji sefa tun a Wapa a Kano, kuma a tuna cewa a kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5 ce, don haka dala ɗari sefa 500 ke nan. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoto a shingen jami'an tsaro. A ɗauki bargo da rigar sanyi idan Disamba ce ko Janairu, domin daren Agadas yana sa haƙora kaɗawa. Da damina kada a shiga korama mai gudu da mota, ko da ruwan iya idon sawu ne.

Kuskuren ƙarshe a gidan abokin ake yin sa. Mutum ya ci wannan doguwar hanya, sai ya isa ya fara duban agogo, yana son a kai shi ya ga hasumiyar babban masallacin nan ta ƙasa mai tsawon mita 27, ya ɗauki hoto ya juya washegari. Buzaye suna dafa shayi zagaye uku, kuma tashi bayan kofin farko rashin ladabi ne. A ware aƙalla kwana uku, a je a gaida iyayensa da goro da turmin atamfa, sannan kafin a kamo hanyar gida a kai motar wurin bakanike ya busa matatar iska ya duba baƙin mai, a sake cika jarkokin ruwa kamar yadda aka cika su a zuwa.