Motarka na ja gefe guda? Kar ka yi saurin kai ta alaimen

Da yawanmu da zarar mota ta fara ja gefe sai a ce ai alaimen ne, wato saitin ƙafafun mota, a je a biya kuɗi a ɗora ta a na'ura, bayan sati biyu ta koma gidan jiya. Ni ma na taɓa yi, sau biyu ma kuwa a wata ɗaya, ashe tayarod ne ya mutu, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba, duk saitin da aka yi rami ɗaya ya isa ya wargaza shi. Alaimen shi ne aikin ƙarshe, akwai abubuwan da za ka duba da kanka tukuna.

Fara da iska. Buɗe ƙofar direba, jikin ƙarfen za ka ga wata 'yar takarda da kamfani ya manna mai nuna iskar da tayoyin ke buƙata, ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne zuwa 35. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, kuma ka tsaya a kan mai faci ka ga gejin da idonka, don wasu da ƙafa suke aunawa, ya doki taya ya ce "ta yi oga". In ta dama tana 24 ta hagu tana 35 dole mota ta ja dama, ba ruwan alaimen.

In iska ta daidaita sai ka nemi miƙaƙƙen titi mara cunkoso, ka tafi a hankali kamar gudun kilomita 50 ko 60, ka ɗan sassauta riƙon sitiyari, ban ce ka saki ba fa. Titi ana ɗan karkata shi ne saboda ruwan sama ya gangara kwalbati, mu kuma da dama muke tuƙi, don haka in ta ɗan zame dama sannu sannu ba komai. Wadda cikin daƙiƙa biyu uku ta bar layinta ita ce mai matsala. Nan sai ka sa a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, in jan ya juya ɗaya gefen to tayar ce da kanta, kuma hakan ya fi yawa a tayoyin gwanjo. Tunda an zo nan, duba lamba huɗu ta ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar, in ka ga 2319 to sati na 23 ne na shekarar 2019 aka yi ta.

Taya ba ta ƙarya, durƙusa ka karya sitiyarin gaba ɗaya ka leƙa. In gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, ƙarancin iska ne. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In gefe ɗaya ne kawai ya suɗe musamman ta ciki inda ido ba ya kaiwa, to ƙafar ta kwanta ko bakin tayoyin ya buɗe, wannan kam saiti ne. Shafa tafin hannunka a kan zanen daga ciki zuwa waje ka dawo, in ta nan sumul ta can kuma yana kartar hannu kamar haƙoran zarto, tayar jan ta ake a ƙasa a karkace. In kuma ta yi kwari-kwari wuri ya lotsa wuri ya tashi, tuhumi shokazoba.

Rawar sitiyari kuma mutane na haɗa ta da alaimen alhali ba su cika haɗuwa ba. In rawar na zuwa ne wajen 80 zuwa 110 sannan ta lafa, balansin ne, wato daidaita nauyin taya, ko rim ya lanƙwashe. In sai ka taka birki take karkarwa, faifan birkin ne ya karkace. In kuma mota na ja gefe bayan doguwar tafiya ka ji rim ɗaya ya fi sauran zafi har da ƙauri, birkin wannan ƙafar ne ke kamawa, kar ka taɓa da hannu kai tsaye.

Yanzu babban gwajin. A ɗaga gaba da jak a wuri mai tauri, a ja hambirki a sa dutse bayan tayar baya, kuma don Allah kar ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Kama taya dama da hagu ka jijjiga, in ka ji ƙwas ƙwas tana wasa to tayarod ne ko rak, wato ƙarfen sitiyari da ke tura tayarod ɗin. Sake kamawa sama da ƙasa, wasa a nan boljoyin ne, wato gaɓar da ƙafar ke juyawa a kanta, ko boris da taya ke juyawa a kansa. Boris dama yana da kukansa, wani gurnani da ke ƙaruwa da gudu. Leƙa robobin da ke rufe gaɓoɓin nan ma, in sun yage giris ya fita ƙasa ta shiga, ko ƙarfen bai fara ƙara ba kwanansa ya kusa. Ƙas-ƙas-ƙas lokacin da kake shan kwana kuwa shaf ne, wato ƙarfen da ke juya tayar.

Sitiyari mai nauyi da kuka in ka karya shi ƙarshe, duba mansa da bel, sai dai motoci irin su Corolla daga 2009 na lantarki ne ba su da mai sam, kar wani ya sayar maka.

Sai an canza duk abin da ke wasa sannan a je alaimen. Ka ce a nuna maka lambobin kafin da bayan saiti, a ɗaure sitiyari a tsakiya kafin a taɓa tayarod, in an gama ku fita gwaji tare da bakaniken, in tambarin sitiyarin ya karkace alhali mota na tafiya miƙe ku juya a sake tun ba ka biya ba.