Yadda Za A Yi Gwajin Jinotaif Tun Magana Ba Ta Yi Nisa Ba

Ɗan yayata shekararsa 7, sikila ne, kuma duk lokacin da hunturu ya shigo Gombe gidan nan ba mai barci. Zai riƙe ƙafa yana kuka yana cewa "Mama ƙashina", ita kuma ta dafa ruwa ta jiƙa tawul tana gasa masa har asuba, in abin ya ƙi sai asibiti, ƙarin ruwa, wani lokaci har ƙarin jini. Iyayensa sun yi gwaji fa kafin aure, saura kwana uku ɗaurin aure, a wani ɗan ɗakin gwaji na cikin unguwa aka ba mijin takarda wai AA ne. Sai da yaro ya fara ciwo aka sake gwadawa aka ga AS ne. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Farko dai a bambance, jinotaif daban, rukunin jini daban. Mutane da yawa in ka tambaye su sai su ce "ai ni O ne", wannan rukunin jini ne, amfaninsa wajen ƙarin jini da goyon ciki. Jinotaif shi ne AA, AS, SS (SS shi ne mai ciwon sikila, AS kuma yana ɗauke da ƙwayar gadon ne kawai), akwai kuma AC da SC da ba a cika maganarsu ba. Harafi ɗaya daga uwa ka gado shi, ɗaya daga uba, kuma ba ya canzawa har ka koma ga Allah, ba rubutu ko jiƙo da zai mai da AS ya zama AA.

Lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: in AS ya auri AS, kowane ciki akwai kashi 25 cikin 100 a haifi SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Kowane ciki fa nace. Wasu suna ɗauka wai cikin yara huɗu ɗaya ne kawai zai zo da shi, a'a wallahi, kamar jefa kwabo ne, duk haihuwa sabon lissafi, za ka ga gida yara uku a jere duk sikila, wani gidan kuma Allah ya tsare ba ko ɗaya. In AS ya auri SS kuwa rabi da rabi ne, kashi 50 SS, kashi 50 AS. AS da AC ma za su iya haifar SC, shi ma ciwo ne. AA ko wa ya aura ba zai haifi SS ba. Kuma abin ba kaɗan ba ne a ƙasar nan, kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu.

To yaushe za a yi? Tun kafin kuɗin gaisuwa, kai tun kafin ma a fara zance. In an bari sai an sa rana, an haɗa lefe, dangi sun ɗinka anko, wa zai iya cewa a fasa? A nan ne ake fara "a bar wa Allah", a nan ne kuma wasu ke zuwa sayen takardar bogi. Ni a ganina iyaye su gwada yaransu tun suna makaranta, yarinya ta tashi ta san nata kamar yadda ta san sunanta.

Ina za a je? Babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe ko asibitin ƙwararru na jiha, 'yan Bauchi kuma ga asibitin koyarwa na ATBU. Ba a buƙatar azumi, ka ci abincinka ka tafi, ɗan jini kaɗan za a ɗiba a hannu. Ka tambayi mai gwajin wane iri za a yi maka. Akwai wanda kawai yake nuna ko da S a jininka, bai iya raba AS da SS, wannan bai isa a yanke maganar aure a kai ba. Ka nemi wanda suke kira elektroforesis, in da hali kuma na HPLC ya fi shi tantancewa. Ka tsaya ka ga an rubuta sunanka a jikin kwalbar a gabanka, kada ka ji kunya, musanyar kwalba na faruwa. In an yi maka ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ka faɗa, don jinin wani zai iya ruɗa sakamakon. Jariri ma ɗan ƙasa da wata shida akwai gwajin da ya dace da shi, likita zai faɗa maka.

Sannan a maimaita a wani wuri daban. In biyun suka saɓa a yi na uku. Kuma ku tafi tare, kai da ita ko da wani babba daga kowane ɓangare, a karɓi takarda daga hannun ma'aikaci, ba hoton da aka turo ta WhatsApp ba.

Gwamnatoci sun fara shiga maganar, a 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da jinotaif da ƙanjamau da ciwon hanta. Ina goyon baya, amma doka kaɗai in gwajin da tsada kuma ba a sa ido a ɗakunan gwaji, kasuwar takardar bogi kawai za ta buɗe. Liman da waliyyi su ma su daina karɓar duk takardar da aka miƙo ba tare da sun duba daga ina ta fito ba.

Wani abu da ke ci min rai shi ne yadda ake yaɗa sakamakon mutane. Da an fasa aure sai unguwa ta ɗauka "ai yarinyar ce mai ciwo". AS ba mara lafiya ba ne, lafiyarsa ƙalau, kawai ya nemi AA. Mai SS ma yana aure yana haihuwa, in ya samu AA yaransu duk AS za su zama. Sakamakon amana ne tsakanin mai shi da likita da wanda zai aura, in aure bai yiwu ba a ce Allah bai ƙaddara ba a yi shiru.

In kuma an riga an yi auren kuka gano ku biyun AS ne, kada a tsaya zargin juna, a gwada yaran da wuri. Wanda aka samu da SS a kai shi asibitin masu sikila a buɗe masa kati, folik asid, maganin kariya daga maleriya, gidan sauro, ruwa da yawa, rigar sanyi lokacin hunturu, a kuma tambayi likita maganar haidroksiyuriya, yana rage yawan tashin ciwon sosai. Zazzaɓi ko kaɗan ne ba a kwana da shi a gida.