Darasi na Tara: Hasashen Iska a Bakin Kogi

A wannan darasi za mu koyi yadda ake gane irin iskar da za ta kaɗa a kan kogi tun kafin ta taso, kuma za mu koya ne daga mutanen da wasansu kacokan ya dogara a kan iska, wato masu sulu da laima a kan ruwa. Mai wannan wasa yana tsayawa a kan wani ɗan allo, ya ɗaura ɗamara a ƙugu, sannan a haɗa ɗamarar da wata babbar laima da ke sama ta hanyar igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 25. Iska ce take cika laimar, laimar ta ja shi, shi kuma yana sarrafa ta da sandar da ke hannunsa. Ba shi da inji, ba shi da filafili. Idan iska ta yi kaɗan, laimar za ta faɗa ruwa ta bar shi a tsakiyar kogi, idan kuwa ta yi yawa, tana iya ɗaga shi ta maka shi a kan duwatsun gaɓa. Saboda haka ba ya fita gida sai ya yi lissafi.

Abin da ke tayar da iska

Iska tana da nauyi, ko da yake ba ma jin sa, kuma wannan nauyi da take dannawa a kan ƙasa shi ake kira matsin iska. Ana auna shi da wani ma'auni mai suna miliba, kuma a gaɓar teku matsakaicinsa miliba 1013 ne. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta takan yi zafi ta yi sauƙi ta tashi sama, sai matsin wurin ya ragu, alhali a inda ake sanyi iskar tana nan a kwance da nauyinta. Daga nan sai iska ta kwararo daga inda matsi yake da yawa zuwa inda yake kaɗan, kuma gwargwadon girman bambancin, gwargwadon ƙarfin kaɗawarta. Wannan shi ne tushen darasin, domin wanda yake son sanin iskar wuri guda dole ne ya dubi wurare biyu, inda take fitowa da inda ta dosa.

Misalin kogin Kolombiya

A arewa maso yammacin Amurka akwai kogin Kolombiya, wanda ya raba jihar Oregon da jihar Washington, yana gudu zuwa yamma har ya faɗa tekun Fasifik. A kan hanyarsa ya keta jerin duwatsun Cascade, ya bar kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita 130, wanda zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,200. Yammacin duwatsun ƙasa ce mai damshi da dazuzzuka, a nan birnin Portland yake. Gabashinsu kuwa busasshiyar ƙasa ce, har ruwan saman da garin Dalles yake samu a shekara bai kai milimita 400 ba, wato bai kai na Kano ba. Tsakanin garuruwan biyu akwai Hood River, kimanin kilomita 100 gabas da Portland, garin da masu sulu da iska suka mayar matattararsu tun cikin shekarun 1980.

Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin zafinsu ke nan, busasshiyar ƙasar gabas takan ɗauki zafi matsinta ya faɗi, yayin da iskar teku mai sanyi take taruwa a yamma. Duwatsu sun tare mata hanya, ba ta da mashigi sai kwazazzabon kogin, don haka take matsuwa ta ƙara gudu, kamar yadda kuke jin iska ta fi ƙarfi a lungun da ke tsakanin katangu biyu fiye da fili.

Mai hasashe a can yana fara aikinsa da lambobi biyu da tashoshin auna yanayi suke fitarwa, matsin Portland da matsin Dalles, sai ya debe na biyu daga na farko. A ce Portland tana da 1018, Dalles tana da 1014. Bambancin 4 ne, kuma yana nuna iska mai ƙarfi daga yamma. In Portland 1015 ce, Dalles 1014, bambancin 1 ne kawai, kogi zai yini shiru-shiru. In kuwa lambar Dalles ce ta fi girma, to iska ta juya, daga gabas za ta fito, kuma haka ta fi yi a lokacin sanyi, inda take tsananta a bakin kwazazzabon na yamma.

Akwai kuskuren da baƙo yakan yi, shi ne ya ɗauka cewa duk ranar da aka fi zafi ita ce ranar da aka fi iska. Ba haka ba ne. Idan zafi ya mamaye ɓangarorin biyu, bambancin yakan ɓace, iskar yamma ta mutu. A ƙarshen watan Yunin 2021 zafi a Portland ya kusa digiri 47, irin zafin da ko a Sakkwato sai an yi maganarsa, kuma irin wannan yanayi ba abin da yake kawo wa mai laima sai zaman jira. Ranar da masana wurin suke ɗoki ita ce ranar da zafin ya karye, iskar teku ta turo da ƙarfi ta cikin mashigin yayin da gabas ba ta riga ta huce ba.

Bayan lambobi sai gajimare. Iskar teku takan zo da shimfiɗar gajimare marasa tsayi, waɗanda suke shigowa kwazazzabon daga yamma su tsaya a wani wuri, kuma iska ta fi ƙarfi a gabas kaɗan da inda suka tsaya, wato inda rana ta fara fitowa. Idan gajimaren sun tsaya kafin Hood River, garin zai sami iska mai kyau. Idan sun rufe shi, sai 'yan wasa su shiga mota su ƙara gaba zuwa gabas, wajen Rufus ko Arlington.

Ruwa ma yana cikin lissafi

Abin da ya bambanta kogi da tafki shi ne ruwansa yana tafiya. A Kolombiya ruwa yana gudu yamma, iskar lokacin zafi tana kaɗawa gabas, suna karo da juna, kuma wannan karo shi yake tayar da raƙuman ruwa masu tsayi da tsini. Ruwan yana kuma ɗaukar ɗan wasa yana tura shi cikin iskar, ta yadda idan iska tana gudun kilomita 25 a awa, ruwa kuma yana gudun kilomita 3, laimarsa za ta ji kamar 28. Idan iska da ruwa suka fuskanci gefe guda, sai a debe maimakon a tara, kuma mutum yana iya samun kansa can nesa da inda ya shiga. Gudun kogin ya fi yawa a watannin Mayu da Yuni, lokacin da ƙanƙarar kan duwatsu take narkewa, sannan madatsun ruwa irin na Bonneville suna da hannu a ciki, gwargwadon ruwan da suka saki.

Yanzu ku kula da wannan sosai, domin a nan ake samun haɗari. Rahoton iska yakan ba da lambobi biyu, matsakaicin gudu da kuma bugu mafi ƙarfi da take yi farat ɗaya. Iskar da matsakaicinta 30 ne, bugunta 35, iska ce mai natsuwa. Wadda matsakaicinta 25 ne amma bugunta 50, ta fi ta farkon haɗari nesa ba kusa ba, ko da yake lambarta ta farko ƙarama ce. Dalili kuwa shi ne idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take jan laima da shi ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa ɗan wasa yake ajiye laima fiye da ɗaya, babba kamar mai faɗin murabba'in mita 12 domin iska mai sauƙi, ƙarama kamar mai 7 domin iska mai ƙarfi, kuma mai hankali da bugun yake auna wadda zai ɗauka. A bakin kogi iskar da ta ƙetaro tudu ko bishiyoyi ko gine-gine kafin ta iso ruwa ita ce ta fi yawan wannan fizge-fizge.

Duk abin da waya ko rediyo suka faɗa, sai ido ya tabbatar da shi a bakin ruwa. Tun a 1805 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin gane ƙarfin iska da ido, kuma har yau ana amfani da shi bayan gyare-gyare. Idan kun ga farin kumfa jefi-jefi a kan ruwa, ganyaye suna motsi ba tsayawa, iskar ba ta kai kilomita 20 a awa ba. Idan kumfar ta yawaita, ƙura da takardu suna tashi a ƙasa, tana tsakanin 20 da 28. Idan ƙananan bishiyoyi suna rangaji, ta kai 29 zuwa 38. Idan manyan rassa suna motsi, wayoyin lantarki suna fito, ta kai 39 ko fiye, kuma wannan ba iskar ɗan koyo ba ce. Bugu ma ana ganinsa kafin ya iso, domin fuskar ruwa takan yi duhu ta yamutse a wani yanki, yankin kuma yana tahowa.

A kogunanmu

Masunta da matuƙan kwalekwale na kogin Neja, kamar na Yawuri da tafkin Kainji, ba da laima suke aiki ba, amma iskar da ƙa'ida ɗaya take tafiya. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, takan ƙara ƙarfi da hantsi ta lafa da yamma. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa, musamman a farkon damina da ƙarshenta, kuma kafin ɗigon farko ya sauka yakan turo iska mai sanyi da ƙura a gabansa. Wanda ya jira ya ji sanyin nan a jikinsa yana tsakiyar ruwa ya makara, don haka da zarar gabas ta yi baƙi a nemi gaɓa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi na kullum, sai dai na yanki ne mai faɗi, ba zai faɗa muku abin da wata kwanar kogi take yi wa iska ba. Wannan sai Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta.

Aikin da za ku yi

Ku debe waɗannan lambobi a littafinku, ku rubuta ko iska daga yamma za ta fito ko daga gabas, da ƙarfi ko a hankali: Portland 1020 da Dalles 1015, sannan Portland 1012 da Dalles 1017. Bayan haka kowa ya ja layi huɗu a shafi guda, na kwanan wata, da na inda iska ta fito, da na abin da ya gani a bishiya ko a ruwa, da na abin da rediyo ya faɗa, ya riƙa cikewa da safe da azahar da la'asar har mako guda, ya zo da shi aji domin a gwada na wanda ke bakin kogi da na wanda ke cikin gari.