Yadda ake zaɓar kaurin wayar atin da za ta sauka ƙasa

Yawancin masu wayarin in sun zo kan wayar atin sai dai su kalli abin da ya rage a nadi su ja, alhali ita ma tana da nata lissafi. A Amurka dokar wayarin ɗinsu, wato NEC, ta ware mata tebur guda mai lamba 250.66, kuma ko ba can kake aiki ba yana da kyau ka san yadda suke yi, musamman in zanen aikin da aka ba ka daga can ya fito.

Da farko ka manta da girman bireka. Nan ake yawan ruɗewa, domin wayar atin da ke bin kayan wuta ita ake aunawa da bireka, amma wadda ke tashi daga babban akwatin wuta zuwa ƙasa da kaurin wayar da ta shigo da wuta gidan ake auna ta. To sai ka duba jikin babbar wayar, ka karanta lambarta, ka kuma tabbatar ko kofa ce, wato jan ƙarfe, ko alminiyam.

Daga nan sai tebur. In wayar shigowa kofa ce mai lamba 2 AWG (ma'aunin kaurin waya na Amurka) ko wadda ba ta kai ta kauri ba, atin ɗinka 8 AWG ne. In 1 ce ko 1/0 sai ka sa 6, in 2/0 ce ko 3/0 sai 4, daga nan har 350 kcmil (ma'auninsu na manyan wayoyi) lamba 2 ce, har 600 kuma 1/0, har 1100 sai 2/0, abin da ya haura haka duk girmansa a 3/0 ake tsayawa. Ka lura su lambarsu a juye take, 4 ta fi 8 kauri. A ma'aunin da muka saba, 8 AWG wajen 8.4mm² ce, 6 wajen 13.3, 4 kuma wajen 21, shi ya sa a kasuwa gara ka ɗauki ta sama, wato 10 ko 16 ko 25. In wayoyi biyu aka jera a kowane layi sai ka haɗa kaurinsu kafin ka shiga teburin, misali 500 kcmil guda biyu sun zama 1000 ke nan, atin 2/0.

Sai kuma ka duba ina wayar za ta ƙare, don wannan yana iya rage maka kuɗi sosai. In rodin da ake kafawa a ƙasa kaɗai za ta kama, dokar ba ta neman fiye da 6 AWG na kofa ko da masana'anta ce, saboda ƙasar da ke kewaye da rodin ita ke tare wutar, ƙara kaurin waya ba zai sa ta wuce da yawa ba. In rodin cikin kankaren fandisho ne 4 AWG ta wadatar. Amma bututun ruwa na ƙarfe da ke binne babu rangwame, abin da tebur ya ce shi za ka sa. Shi rodin kuma ƙafa 8 ya shige ƙasa, in an gwada ya haura om 25, wato ma'aunin yadda ƙasa ke tare wuta, a ƙara wani, tsakaninsu aƙalla ƙafa 6.

Wajen ja, wayar ta tafi a miƙe ba gami, kar a murɗa guntaye a naɗe da tef. 8 AWG dole a cikin bututu, in bututun na ƙarfe ne a haɗa bakinsa biyu da wayar. Alminiyam kuma kar ta kusanci ƙasa, dokar ta ce inci 18, in ba haka ba damina ɗaya biyu ta cinye.

A Najeriya dai tsarin Ingila aka fi bi, nasu lissafin daban ne: layi har 16mm² atin daidai da shi, sama da 16 har 35 sai 16, abin da ya wuce 35 kuma rabinsa, in kuma kofa ce tsirara za a binne kar ta gaza 25mm². Ka tambayi injiniyan aikin wacce doka za a bi tun kafin ka je sayayya.